Mutumin da Ya Sansano Kuskurena

Kafin kowa ya iso ɗakin bincikenmu, Baba Mai Kwalabe ya riga ya wanke kwalabe, ya kunna tukunyar tace mai, ya zauna yana feraye ɓawon lemo. Shekara talatin da ɗaya ke nan. A ƙarshen makon nan zai yi ritaya, ni kuma akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai.

Daga ɓawon lemo muke tace wani mai mai ƙamshi da ake kira limonin, ɗaya daga cikin sinadaran da tsiro ke kare kansa da su. Shekara tara da suka wuce, aikina shi ne in gano ko yana hana funfuna kama hatsi. Sakamako ya yi kyau, kaina ya kumbura. Ana saura mako biyu in tura rahoton da sunana zai hau kai, sai Baba ya buɗe kwalbar man, ya kai hanci, ya yamutsa fuska.

"Dakta, man nan ya juya. Murfin bai rufu ba, ga ranar taga. Ba limonin kike gwadawa ba yanzu."

A gaban ɗalibai na ce, "Baba, da da hanci ake yin digiri, ai da ka fi mu duka." Suka kwashe da dariya. Wallahi in na tuna, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kwana uku Baba yana tace sabo, ya zuba a kwalba mai duhu, ya ajiye a teburina. "Gwada wannan, 'yata, babu asara." Don in ƙaryata shi na gwada. Funfuna ta tsiro abinta. Na'urar awo kuma ta nuna tsohon man ya rikiɗe. Da rahoton ya fita, da na tallata ƙarya da sunana.

Duk wanda ya zauna ɗakin nan yana da irin wannan labari, bambancin dai su sun gode. Ni da na gyara rahoton, shugaban sashe na yi wa godiya a ciki, don rubuta sunan Baba na nufin in faɗi abin da na yi.

Baba, kai ne mai gyara ba da gori ba. Kai ka rufa mini asiri a makon da na tozarta ka.

Jiya na same shi na nemi gafara, ina fatan ya ce ya manta. Ya ce, "Ban manta ba, 'yata. Ranar ko abinci ban iya ci ba. Amma na yafe tun tuni."

Na gode, Baba, Allah ya saka maka da alheri. Masu tasowa, ku yi koyi da shi. Ku kuma masu digiri irina, kada ku kai shekara tara kafin ku ce a yi haƙuri.