Ajiyar da Kawu yake buɗewa

Ranar Talata da ƙarfe tara na safe, ni da ɗiyata muka zauna a ofishin ƙungiyar manoma kusa da garin Hasahisa, mu dawo da rajistar gonaki daga ajiyar da ake adana kwafinta, domin tsohuwar kwamfutar ta mutu. Baƙin allon sabuwar kwamfutar ya tuna mini da marigayi Kawu, wanda yake kula da rajistar a da. Kowace safiya, shayinsa na hucewa, yakan buga umarni da yatsa ɗaya ya binciki ajiyar, sannan ya buɗe fayil ya karanta sunaye da ƙarfi.

Na taɓa cewa, "Kawu, na'urar ta ce lafiya."

Ya ce, "Ya waladi, ɗana, ita ta san gonar wa?"

Bayan rasuwarsa babu wanda ya sake buɗewa, har ni. Allah ya haskaka kabarinsa.

Da ni da ɗiyata muka buɗe ajiyar, ba mu sami suna ko ɗaya ba.