Kwikwiyon da Ɗan Marainansa Ɗaya Ya Ƙi Saukowa

Shekarun baya, lokacin da aka dawo mana da zaɓe a ƙasar nan, jam'iyyu suka yi ta tsirowa kowace unguwa, na yi kiwon karnuka. E, ni ɗan Zongo, Musulmi ɗan Musulmi. Mai tsaki ya yi abinsa tun yanzu, don ba zan tsaya ba shi haƙuri ba.

Kamfanin gwamnatin da nake tuƙa wa mota ne aka rufe, aka sallame mu. Karatuna bai wuce firamare ba, lakwal ɗin ma sai da bulala nake zuwa, saboda haka babu wani biro, wato ofis, da zai dube ni. A daidai lokacin sababbin manya na ta gina gidaje masu doguwar katanga, kowa na neman karen Turawa mai tsayayyun kunnuwa ya yi masa gadi. Wani abokina da muka yi tuƙi tare yana da namiji irin wannan. Ni kuma na haɗa abin da aka sallame ni da shi na sayi karya. Muka kama wani kango a Godomey, don a Zongo in aka ji haushi daga gidanka sai a daina amsa maka sallama. Mahaifiyata ta sani, ba ta hana ni ba. Sharaɗinta kawai in sake kaya in wanke hannu a ƙofar gida kafin in taɓa mata kwano.

Namiji nasa, karya tawa, aikin wanki da abinci nawa, abin da aka samu mu raba. Duk ran da ya janye karensa sana'ata ta mutu, don ba ni da halin sayen wani, masu irin wannan namijin kuma ba sa ba da aro. Na san haka, shi ma ya san na sani.

Karya ta haifi biyar, biyu maza. Ɗaya daga cikin mazan ya fi duka girma da kyau, ƙafafu kamar taɓarya. Tun kafin ya buɗe ido abokina ya yi wa wani sabon depite, wato ɗan majalisa, alkawarinsa. Mutumin yana da karya a gida, namijin barbara yake so, ya fara nasa kiwon.

Mahaifina raguna ya sayar har ya koma ga Allah, kuma abin da ya fara koya mini shi ne kafin ka kalli ƙaho ka kai hannu ƙasa. Hannuna ya saba. Da 'yan kwikwiyon suka kai wata biyu na kife su ɗaya bayan ɗaya na laluba. Ƙaramin namijin 'ya'yan marainansa biyu cif, kamar ƙwayar gyaɗa. Babban kuwa ɗaya. In na danna matsematsinsa sai in ji wani abu ya zamo ƙasa, ina sakewa ya gudu ya koma.

Nan na yi wautar da har yau nake yi wa kaina dariya. Mako biyu ina zuwa Godomey da safe da ruwan ɗumi da man kaɗanya, ƙato da ni, ina durƙushe ina yi wa kare tausa a wurin da ba a faɗa. Man ma na mahaifiyata nake ɗiba. Da ta ga kwalbarta na raguwa ta tambaye ni ko ƙafata ce ke tsagewa. Na ce e. Ta kalli ƙafar, ta kalle ni, ta ce Allah ya sawwaƙe.

Da na gaji na ɗauke shi na kai wa wani likitan dabbobi a Agontinkon. Ya laluba, ya sansana yatsunsa, ya ce wane ne ke shafa wa kare mai. Na ce wani ne. Ya ce in gaya wa wanin ya daina, tausa ba ta sauko da shi. Ya bayyana mini cewa kwikwiyo ba kamar rago ba ne, nasa na iya jinkiri, a jira zuwa wata shida. In ya wuce haka bai sauko ba, to ba zai sauko ba, sai a fiɗiye shi, don wanda ya maƙale a ciki yakan zama ƙari in kare ya manyanta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ya ce abin gado ne. Kare mai guda ɗaya na iya yin barbara ya haifa, ya raba wa 'ya'yansa. Kuma ba a san ko daga uban ya ɗauko ko daga uwar ba, don haka kada a sake haɗa waɗannan biyun.

Na kai wa abokina labari yadda aka ba ni. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce duk mai wannan sana'a ya san dabarar, ni ne baƙo. Kafin mai saye ya duba, sai ka danno shi da babban yatsa, ka riƙe kwikwiyon a kife, yatsan na tokare da hanya. Mai saye ya ga biyu, ya tafi da abinsa, abin da ya biyo baya tsakaninsa da karensa ne. Na ce mutumin fa kiwo zai yi da shi. Ya ce to sai me, mu muka halicce shi?

Sannan ya daina dariyar ya ce, "Aboki, in ka buɗe baki ran da depite zai zo, da karena zan tafi."

Kada ma wani ya ɗauka waliyyi ne ni. Na yi niyyar yin shiru, in tsaya can gefe ina share kashin kare, kamar abin bai shafe ni ba.

Depiten ya zo da la'asar, shi da direbansa. Abokina ya kife kwikwiyon, yatsa a inda ya kamata, yana ta zuba Faransanci. Mutumin bai yarda ya taɓa ba, leƙawa kawai ya yi, hankici a hanci. Da a nan ya tsaya da shi ke nan. Sai ya waiwayo ya gan ni da tsintsiya.

Ya ce, "Kai ne Bahaushen? Wajen mutanenku muke sayen rago, ku kun san dabba. Ya cika?"

Da abokina ya yi wa tambayar, da ba ruwana. Amma ni ya tambaya, kuma da sunan mutanena. Mutanen da ba sa amsa sallamata saboda kare, su ne zan sayar da sunansu a kan kare?

Na ce masa da gurgun Faransancina, "Patron, ɗaya ne. Na biyun yatsa ke riƙe da shi. A ajiye shi ƙasa ya zagaya, ka sake dubawa."

Bai ma jira an ajiye ba. Ya ninke hankicinsa ya shiga mota. Ko na gode bai ce ba.

Abokina bai zage ni ba, da ya zaga ma da ya fi mini sauƙi. Ya kwance karensa ya sa a bayan mota, ya ce in ci gaskiyata in ƙoshi. Daga baya na ji ya koma Sèmè-Kpodji ya haɗa kai da wani.

Na jira kwikwiyon ya cika wata shida. Bai sauko ba. Na mayar da shi wajen likitan aka fiɗiye shi, na ba wani mai magaza, wato ɗakin ajiyar kaya, yana masa gadi, ya yi shekaru lafiya ƙalau. Sauran na sayar, kowa na gaya masa abin da ke cikin jininsu, don haka a wulaƙance suka tafi. Karyar ban sake kai ta barbara ba. Kangon na mayar wa mai shi, na sa rigar zem, ta 'yan acaɓa, na hau babur ina ɗaukar fasinja. A Zongo aka samu abin hira, wai ko karen ma ban iya ba.

Masu jiran in ce Allah ya kama abokina, ku yi haƙuri, bai kama shi ba. Bene ya gina. Ni har yau haya nake, gwiwata ta lalace a kan babur. Abin da na koya kaɗan ne. In kana kiwo, ka laluba kwikwiyonka da kanka, ka ba shi watanninsa, in bai sauko ba ka cire shi daga barbara. In kai ne mai saye, ka sa a sauke shi ƙasa ya yi gudu kafin ka duba.

Kwanaki muka haɗu da abokin nawa wajen wata jana'iza. Ya ja ni gefe, ya dubi takalmina, ya ce da na yi shiru na minti ɗaya da yanzu ni ma ina da gida. Na ce masa na sani, na fi shi sanin haka, kullum mai gida ya ƙwanƙwasa mini ƙofa sai na tuna. Ya ce to?

Na ce, "To gobe ma a tambaye ni, ɗaya zan ce."