Kibiyar Tanimu Ba Ta San Na Gida Ba

Duk wanda ya taɓa zama da mu a gindin mangwaron nan na bayan tashar Rano ya san Tanimu ba ya cewa "Ku sunkuya!" sai ya riga ya jefa. Zai ɗauki ɗan lido, ya hura masa iska, ya goga a goshi, ya wurga a faranti, sai abu ya tsaya sannan ya daka mana tsawa. Ihu bayan hari ke nan, kuma shi ne maharin.

Ga wanda bai san wasan ba, Malam Nura malamin sakandare ne ya zo mana da shi daga jami'a a Kano. Shi ke ba da labari, mu kuma kowa ya ɗauki jarumi ɗaya, a rubuta sunansa da ƙarfinsa a takarda, mu haɗa kai mu yaƙi dodanni da 'yan fashi. Abin da ɗan lido ya nuna shi ke yanke ko sara ya shiga. Ni ɗan tauri na ɗauka, na raɗa masa Gagare, kullum shi ne a gaba. Tanimu kuwa, taubashina ɗan gwaggona, mai sayar da albasa daga Fammar ta ƙasar Kibiya, cewa ya yi shi maharbi ne.

Na ce, "Me ya sa maharbi?"

Ya ce, "Ji wata tambaya! Mutumin Kibiya ne zai riƙe gora?"

Malam Nura ya gargaɗe shi tun ranar farko: idan ka harba cikin gwamutsi, ɗan lido ya ba da ɗaya ko biyu, to naka ka samu. Shi kuwa Tanimu hannu gare shi da ko a lido sai a yi la'asar bai buga siki, wato shida, ba. Ai kuwa jifarsa ta fari ɗaya ta ba da. Malam Nura ya gyara murya ya ce kibiya ta sami Gagare a ɗuwawu.

Na miƙe tsaye. "Haba Tanimu! Ni fa naka ne!"

"Ba kai ka ce ɗan tauri ne ƙarfe ba ya cin sa ba? Gwaji na yi. Ka koma wurin wanda ya ba ka maganin, jabu ne."

Sai maganar dabino. Da ƙwayar gyaɗa muke jera abokan gaba a tabarma, wanda ya kashe ya cinye. Jarumanmu kuma murfin kwalba. Wata Asabar murfina ya ɓata, Sale direba ya laluba aljihu ya ajiye min dabino a madadinsa. Tun daga nan na ga idon Tanimu ya ƙi barin wurin. Muna shiga yaƙi ya hura, ya goga, ya wurga. Biyu! Kafin Malam Nura ya buɗe baki, Gagare ya shige bakin mutumin nan.

Malam Nura ya ce, "Kai, bai mutu ba fa! Rauni kawai ya ji!"

Tanimu ya tauna a natse, ya tofo ƙwallon a tafin hannu, ya dangwarar da shi inda dabinon yake. "To ga shi nan. Jinya ce ta ramar da shi."

Duk wannan dariya muke. Wadda ba ta zama dariya ba ita ce ta ƙarshe. Shekara uku ina renon Gagare, takardarsa har ta yi laushi a aljihuna. Ranar muka kai ga sarkin 'yan fashi, Gagare ya shaƙe masa wuya, amma shi ma ransa saura ƙiris. Na ga hannun Tanimu ya nufi faranti. Na ce don girman Allah, don darajar gwaggo, ka bari na ƙarasa shi. Ya ce kibiya idan ta daɗe a kwari tsatsa take yi. Ɗaya! Malam Nura ya cire hula ya ce Gagare ya faɗi, ba zai tashi ba.

Can Tanimu ya matso kamar mai ta'aziyya, ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, taubashi. Amma kafin a binne shi a ciro min kibiyata, sabuwa ce."

Na yaga takardar na tafi. Ƙato da ni, uban 'ya'ya biyar, wallahi da ƙwalla na isa gida. Wata huɗu ban yi masa magana ba. Ranar kasuwa sai in wuce ta gabansa in sayi albasa wurin na kusa da shi, ina ji yana cewa, "Wancan ruɓaɓɓiya ce, taubashi!" ba na waiwayawa. Malam Nura ya tuna min gaba ba ta wuce kwana uku, na ce a bari sai an kashe masa ɗan tauri tukuna.

Sale ne ya tsayar da mota a ƙofar gidana ya ce ciwon hanta ya kwantar da Tanimu, kuma Tanimun ya ce a kai masa faranti Fammar. Na shiga motar ina cewa dubiya kawai za ni. Da na gan shi a zaure jingine da bango, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, sai na nemi wuri na zauna kusa da shi. Malam Nura, da muka zo tare, ya miƙo min sabuwar takarda.

Ba mu yi nisa ba dodo ya cafke sabon jarumina. Kowa ya juya ga Tanimu. Ya ɗauki ɗan lido ya juya shi a hannu, ya daɗe yana kallona, sannan ya ajiye.

"Yau ba zan harba ba."

Malam Nura ya jefa wa dodo. Siki! Ya haɗiye ni ɗungurungum.

Tanimu ya ce, "Ka gani ko? Da ni na harbe ka, ai da ka mutu a hannun naka an yi maka sutura. Yanzu ga ka can a cikin bare."

Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya kamo hannuna ya ce, "Taubashi, a yafe Gagare." Na ce na yafe, ni ma ya yafe min. Iyakar abin da bakina ya iya ke nan. Kwana tara tsakani aka yi jana'izarsa.

Har yau idan na tuna saura kwana tara kacal ya tafi muna gaba a kan mutumin takarda, sai gabana ya faɗi. Allah ya jiƙan Tanimu, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari. Ni kuma Allah ya yafe min wata huɗun nan, don su ba mai dawo min da su.