Yatsan Baba Ya Faɗa Kan Ikabod

Ranar wata Asabar ce, a kakar shekarar da na shiga aji uku, auduga ta fashe fari fat a gonakin ƙauyenmu da ke tsakanin Kafur da Malumfashi. Ranar aka yi sunan ƙanena. Tun da hantsi 'yan zumuntar mata suka cika tsakar gida, ana dakan gero, an yanka ɗan akuya, amma babu mai guɗa. Wa zai yi guɗa a gidanmu? 'Ya'ya uku Inna ta haifa a bayana, Yohanna da Alheri da Istifanus, duk suna kwance a bayan coci, babu wanda ya kai yaye. Har an fara raɗe-raɗin wabi take yi, wato ɗa guda ne ke zuwa yana komawa.

Kaka, uwar Baba, da tsufanta ta shiga addini, al'adun iyayenta Maguzawa kuwa suna nan ƙulle a bakin zanenta. So take a ajiye jaririn a kan juji a ɗauko, a kira shi Ajuji, don mutuwa ta ga abin yarwa ne ta wuce. Baba dattijon coci ne, ga taurin kai, ya ce ba a gidansa ba. Shi zai yi addu'a ne, ya rufe ido ya buɗe Littafi Mai Tsarki, sunan da yatsansa ya taɓa shi ne na yaron, kuma ya yi wa Allah alkawari a gaban jama'a ba zai buɗe sau biyu ba. Ya buɗe, ya ɗora yatsa, Malam Dauda mai bishara ya leƙo ya duba. Na ga fuskar Malam ta canja.

"Dattijo, a sake buɗewa mana," in ji shi a hankali.

Baba ya ce, "Malam, karanta abin da ka gani."

Ikabod. Ba mu taɓa jin sa ba. Da Baba ya matsa, Malam ya ba da labarin: wata mace ce naƙuda ta kama a ranar da aka kashe mijinta a yaƙi, aka ƙwace Akwatin Alkawarin Allah, surukinta ya faɗi ya mutu. Ta haihu, ta sa wa yaron suna mai nufin daraja ta tafi, ita ma ta cika. Masu daka suka tsaya da taɓare a hannu. Inna tana ɗaki, ta ji komai. Can sai muka ji guɗa, ashe Kaka ce. "Madalla!" ta ce. "Ai wannan ya fi Ajuji muni."

Daga ranar kowa a ƙauyen ya zama masanin Ibrananci, harshen asalin sunan. Malam Dauda ya tsaya a kan daraja ta tafi. Hedimastanmu, wanda ya taɓa zama a makarantar Littafi, ya ce a'a, tambaya ce, ina daraja take, kuma tambaya tana jiran amsa. Hajiya Tabawa maƙwabciyarmu, mai man gyaɗa, ta shigo har ɗaki ta ce wa Inna suna linzami ne, a canja tun da wuri. A makaranta yara suka daina yin carafke da ni, wai 'yar gidan da daraja ta gudu. Na kama ɗaya na cusa mata ƙasa a baki, na sha bulala, kuma har yau ban yi nadama ba.

Inna ce ta fi ba ni tsoro. Ba ta yi gardama da kowa ba, ta dai rufe bakinta a kan sunan. "Yaron nan" take cewa. In tana ba shi nono sai ta kau da kai ta kalli bango, ba ta yi masa wasa, ba ta yi masa waƙa. Ni nake goya shi in zan kai awaki fadama ko ɗebo ruwa a rijiya, ina tafiya ina tsayawa in ji ko numfashinsa na taɓa bayana. Duk safiya kafin in ɗauki tsintsiya sai na leƙa ɗakin Inna.

Da bazara ta kama, baƙon dauro ya shigo ƙauyen. Gida wannan kuka, gida wancan kuka, ana ta wucewa da ƙananan gawarwaki a hannu, na Kirista a yi bayan coci da su, na Musulmi a yi maƙabarta. Aka daina gaɗa a dandali. Ran nan na kwance goyo na ji jikin ƙanena kamar garwashi, idanunsa jajawur. Ƙuraje suka feso, ƙirjinsa ya riƙa ƙara. A ranar na ga abin da ban taɓa gani ba: Baba ya ɗauko Littafin, zai sake buɗewa. Kaka ta zauna daɓas a bakin ƙofa.

"Uku ka zaɓa wa sunaye masu zaƙi, ina suke?" ta ce. "Taɓa sunan nan ka gani!"

Baba ya daɗe a tsaye. Sannan ya ajiye Littafin, ya tare motar kasuwa, shi da Inna suka tafi asibiti a Malumfashi da yaron. Aka bar ni da Kaka da awaki. Duk ƙarar motar da na ji sai in ruga bakin hanya, ina duba ko a baya Inna za ta sauko da shi ko a hannu. Da suka dawo, a baya yake, ya rame kamar tsinke, yana tsotsar yatsa. Kaka ta ce munin suna ne ya tsare shi, Baba ya ce cika alkawari ne, Hedimasta ya ce allura ce.

Yau iyaye a waya suke zaɓen suna, kowa na neman mai albarka da nasara, kuma yara suna rayuwa, mun gode wa Allah. Ƙanena yana Funtua yana gyaran injin niƙa, Ika ake ce masa, 'ya'yansa biyar. Ya taɓa zama a taron farkawa ya ji mai wa'azi yana ihu cewa an rubuta Ikabod a ƙofar cocin da ta mutu, ya dawo yana ba mu labari yana dariya. Abu guda ne bai taɓa yi wa dariya ba. A ciwon Inna na ƙarshe, yana zaune yana matsa mata ƙafa, furfura ta fara fito masa, na ji ya ce, "Inna, ki kira sunana ko sau ɗaya ne."

Ta dube shi, kallon da ta hana kanta tun yana jariri, ta girgiza kai.

"In na kira, za ta ji," ta ce.

Kwana biyu bayan haka muka binne ta kusa da 'ya'yanta uku. Ni da na yi ta zaton ba ta son sa, sai ranar na gane gadinsa take yi daga mutuwa.