Kawu Ilu da Kaset Mai Faci

Duk wanda ya taɓa tsayawa facin taya a Kwanar Dangora ya san ba a yi wa Kawu Ilu magana sai ya gama juya kaset. Zai zura biro a ramin kaset ɗin, ya ɗaga sama yana wulwulawa, wai don kada rikoda ta cinye masa batir wajen mayar da zare baya. Direba na tsaye, fasinjoji na tsaki, shi ko a jikinsa.

Kaset ɗaya tal gare shi, na wani baƙar fatar Amurka mai waƙar rap. Wani matafiyi ne ya mance shi a rumfar Kawu, bai dawo nema ba. Kawu ko "zo in kashe ka" bai sani ba da Turanci, amma ya riƙi kaset ɗin nan kamar ɗan da ya haifa.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Lokacin ina sakandare a Tudun Wada, in an yi hutu nakan je rumfar da littafina, don a can ne kawai ba mai cewa in yi magana. Sai ranar da ya ce, "Kai ɗan boko, me mutumin nan yake faɗa?"

Na kwana biyu ina bin ƙamus. Abin da na gano a waƙa ta biyu ba ya faɗuwa a gaban kawu. Na sunkuyar da kai na ce, "Gaisuwa yake yi wa mutanen unguwarsu."

"Ƙarya kake, ɗan nan! Wannan muryar ta gaisuwa ce? Wallahi gona aka ci masa!"

Ba a tsallake waƙa a rumfar Kawu. Wani direban Doguwa, Ɗanjuma, ya taɓa miƙa hannu zai tura gaba zuwa wadda yake so. Kawu ya buge hannun da tsumma.

"Kai in kana huɗa, tsallake kunya kake yi?"

"Haba Ilu, ai waccan ta fi zafi."

"Ta fi zafi don wannan ce ta hura mata wuta. Mutumin nan bai cusa ko ɗaya don cika kaset ba. Saurari gangar, ba ta gaggawa, kamar luguden matan da suka saba da juna. Zauna ka ji, ko ka ɗauki tayarka ka kai Zariya!"

Ɗanjuma ya zauna. Ya ji gefe guda cur kafin a taɓa masa taya.

Matsalar ita ce rikodar ta tsufa, ta koyi tauna zare. Duk ranar da ta tauna, sai Kawu ya yi wa kaset abin da ya iya. Ya sa almakashi ya datse inda ya yamutse, ya lakato sholisho, gam ɗin facin taya, da tsinke, ya haɗa baki biyu, ya hura, ya ajiye a inuwa. Faci dai, kamar na taya. Kowane faci kuwa da abin da yake tafiya da shi, kaset yana ta gajarta. Inda aka yanke, sai Kawu ya danna tsayawa, ya cike gurbin da bakinsa, har da gangar, sannan ya saki.

Matarsa, Inna Ladi, ta ce, "Malam, nan gaba kai za mu riƙa sa wa batir."

Na ce zan samo masa sabo a Kano, irinsa sak. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Sabon ya san ni? Wannan tare muka sha rana."

Waƙar ƙarshe mai sanyi ce, ita kaɗai na fassara masa da gaskiya. Mawaƙin yana jero sunayen abokansa da suka mutu ne. Kawu ya ce, "Ashe su ma." Rikodar kuwa ba ta tashi tauna mafi muni ba sai a daidai wurin, sunayen duka suka tafi. Na zaci ranar zai haƙura. Ina! Ya yi facinsa, kuma da aka zo gurbin sai na ji yana jero nasa a kan ƙa'idar gangar: Sale Dogo da tirela ta bi ta kansa, Audu mai shayi, Buba na Burumburum da ya bi shanu kudu bai dawo ba. Ɗanjuma da yake rumfar yana dariya ya cire hula.

Kawu ya rasu da damina, shekarar da na shiga jami'a. Kaset ɗin yana wurina, bai fi rabi ba yanzu, ina tsoron sa shi a rikoda.

A ɗakin kwananmu na Kano wani ɗan ajinmu yana da irinsa, sabo fil, ba faci ko ɗaya. Na saurara tun daga fari, ban tsallake ba. Kiɗan yana nan da kyansa, yadda Kawu ya faɗa. Amma duk inda na saba jin muryarsa sai in ji Ba'amurken ya zarce abinsa, har na riƙa jin kamar sabon ne aka yanke. Da aka zo waƙar ƙarshe na roƙi mai rikodar ya danna tsayawa. Ni da ba na iya ɗaga murya a aji, na jero su: Sale Dogo, Audu mai shayi, Buba. Na ƙara da Ilu mai faci.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Ya yafe maka kurakuranka, ya cike maka duk inda ya yanke, ya sada ka da waɗanda kake kira.