Taraktar da ba ta tashi sai a gangare

Shekarar da iska ta yaye rufin ajinmu na yaƙi da jahilci, muka koma karatu a gindin dogon yaro, a ita ce yayana ya ce mu sayar da shanun huɗarmu mu sayi tsohuwar tarakta ƙarama. Gonarmu ta gado ce, fadama a bayan Kalgo, tare muke noman shinkafa a cikinta. Ban musa ba. Na dai roƙe shi mu zaɓa da natsuwa, domin in ruwa ya kwanta a fadama ba a yi huɗa ba, shekarar ta tafi.

Sau uku muna zuwa Gwandu wurin wani dillali. Kullum sai mu tarar da ita tana ruri a kan tudu bayan gidansa, gabanta na kallon gangare. Yaya kuwa duba ta yake kamar sa a kasuwar kara. Ya daki taya da ƙafa, ya shafa fenti, ya ce ƙirjinta da faɗi.

Na ce, "Yaya, a kashe ta mana mu ga yadda take tashi."

"To, malam mai biro! Wata shida a aji har ka zama makaniki? Ba ka jin muryarta?"

Dillali ya yi dariya. "Alhaji, ai don ku na tashe ta tun da safe, kada manya su tsaya jira."

Da Yaya ya ji an kira shi Alhaji, magana ta ƙare. Na bari aka biya kuɗi, don ba a ja da babban wa a gaban baƙo.

Direban dillali ya kawo ta har bakin gona, ya kashe, ya hau kabu-kabu ya tafi. Washegari muka murza makulli, ko tari ba ta yi ba. Makaniki ya zo daga Kalgo ya ce kik ɗinta, abin tayar da inji, ya daɗe da mutuwa, injin ma ya gaji, sai an gangara da ita take kamawa. Fadama kuwa shimfiɗe take kamar tabarma. Ina za mu samo gangare?

Kowace safiya sai na bi maƙwabta ina roƙon a zo turi. Kwana huɗu suka zo, a na biyar kowa ya ce yana da gonarsa. Ranar da ta mutu a tsakiyar laka, wurin mutumin da ya sayi shanunmu na je aro. Su suka jawo ta waje, ina riƙe da igiya.

Yaya ya share gumi ya dube ni. "Kai ma da laifinka. Tun da ka gani, mi ya hana ka matsa mini?"

Na kwance igiya, na mayar wa mai shanu shanunsa.

Abin da ya tafi: shanu biyu, kwana goma sha tara na farkon damina, rabin fadama da ba a shuka ba, da sati uku na karatuna.