Malamin Dabbobi Mai Sunaye Uku

Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin aka tura ni Doguwa aikin malamin dabbobi. Ban daɗe da gama makaranta ba, ban kuma san kowa a can ba. Aka haɗa ni da wani babba a aikin, mutumin Ƙofa ta ƙasar Bebeji, wanda ya ba ni kusan shekara goma sha biyar. Iyalinsa suna can gida, don haka muka kama haya wuri ɗaya, ɗakinsa yana kallon nawa. Malam nake ce masa, shi kuma ya ce mini ƙanena.

Aikinmu bin rugage a kan babur, muna yi wa shanu allurar rigakafi. Malam gwani ne, kuma yana jin Fillanci daidai gwargwado. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne tambayoyinsa. Da mun gama allura, an kawo mana kindirmo, sai ya jawo hira da dattawa. Idan mutum zai kora garke ba a ga sawu ba, ta ina zai bi? Kare yana yi wa wanda ya sani haushi? Kwana nawa shanu za su yi daga nan zuwa bayan dajin Falgore? Su kuwa su yi ta ba shi amsa suna dariya. Da mun bar rugar sai ya tsayar da babur a gindin wata bishiya, ya zaro ɗan littafi daga aljihu ya rubuta wani abu.

A gida ma haka. Bayan la'asar ya rufe ɗaki, ba ya fitowa sai an kira magariba. Yana da akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu. Duk bayan mako biyu kuma sai ya tafi Kwanar Dangora da ƙunshi a cikin jaka, ya dawo babu shi. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce saƙon gida ne. Ban sake ba.

Ana nan sai aka yi sata a rugar wani Ardo da muka yi wa aiki kwana shida kafin nan. An kore shanun ƙaninsa, aka bi da su ta cikin rafi, sawu ya ɓace. Daga ranar fuskoki suka sauya. Mu je ruga, a amsa sallama ciki-ciki, ba tabarma, ba nono. Wasu suka ce shanunsu sun tafi kiwo nesa, alhali muna jin kukansu a bayan gari. Ran kasuwa Ardon ya ja ni gefe.

"Likita ƙarami, kai yaro ne mai kunya, shi ya sa zan tambaye ka. Abokin aikinka me yake rubutawa idan ya bar wurinmu?"

"Ranka ya daɗe, lissafin shanun da muka yi wa allura ne."

"Lissafin a gabanmu kuke yin sa. Wannan a gindin marke yake yi. Yarana sun gan shi."

Ni ma kuwa na ji shi da kunnena yana tambayar zancen rafi.

Mako biyu na yi ina cin tuwo kwano ɗaya da mutumin da nake zargi. Idan ya yi dariya sai in ga kamar da biyu ya yi ta. Ranar da zai tafi Kwanar Dangora na ce masa zan je Kiru gaida kawuna, muka shiga mota ɗaya. Da muka sauka na yi masa sallama, na zagaya bayan masu rake na tsaya. Ina kallo ya miƙa wa wani direban Kano ƙunshin, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Sannan ya wuce wurin wani mai baje littattafan Hausa a kan buhu, ya tsuguna yana jujjuya su, bai sayi ko ɗaya ba.

Da ya tafi na je wurin. Mai littattafan ya ce, "Wannan bawan Allah kullum haka yake, sai ya tambayi wanne ya fi tafiya ya wuce." Ya nuna mini waɗanda ya taɓa. Duk labaran ɓarayi da masu kisa ne. Ɗaya marubucin ya ce shi tsohon ɗan sanda ne, ɗaya laƙabi kawai ya sa, ta ukun mace ce. Na sayi na macen don in rage hanya.

A motar komawa Doguwa na buɗe shi, kafin mu kai Tudun Wada na ci karo da abin da na sani. A tsakiyar littafin akwai wani ɓarawo da ke shafa man shanu a jiki don kada a iya riƙe shi, aka kama shi saboda kiyashi sun bi shi har inda ya ɓuya. Wannan a gidan kakana ya faru, kuma Malam kaɗai na taɓa ba wa labarin a Doguwa.

Washegari da hantsi na shiga ɗakinsa na ajiye littafin a gabansa.

"Malam, wace ce wannan matar da kake kai wa hirarmu?"

Ya dubi bangon littafin, sannan ya tashi ya buɗe akwatin. Cike yake da littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, kowane ɗauri da sunan marubuci daban a kai.

"Ga matar nan a gabanka, ƙanena. Ga tsohon ɗan sandan, ga mai laƙabin."

Ya ce mahaifinsa limami ne, ba zai ji daɗi a ce ɗansa yana rubuta labarin 'yan fashi ba. Ga kuma aikin gwamnati. Ban da haka, yana gama littafi cikin wata guda, masu bugawa kuma suka ce in aka ga suna ɗaya kullum za a gaji da shi. Na gaya masa abin da Ardo ya ce. A nan na ga tsoro a idonsa.

Shi ya yanke shawarar mu je wurin Ardo. Aka taru a ƙofar rugar, dattawa da samari riƙe da sanduna. Malam ya yi bayani, ya fito da ɗan littafin aljihun ya miƙa wa wani saurayi da ya yi firamare ya duba. Sannan ya karanta musu babin satar shanu daga wanda yake kan rubutawa. Ba wanda ya yi motsi har ya kai aya.

Ardo ya ce, "Wanda ya rubuta wannan bai taɓa sata ba. Ka raba saniya da ɗan maraƙinta ka ce ta bi ka shiru har rafi? Ai da kukanta ya tashi ƙasar nan." Wasu suka yi dariya. Shi bai yi ba. "Amma Likita, mun ba ka maganarmu a kan amana, ka kai ta kasuwa. Ɓarawo ma yana karatu."

Bayan wata uku aka ga wasu daga cikin shanun wajen Ɗansoshiya, a hannun wani surukin mai su, mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba. Aka koma shimfiɗa mana tabarma. Sai dai da Malam ya buɗe baki zai yi tambaya, sai a ce, "Allah ne masani." Ni kaina na koyi tauna magana a gabansa. Ba a yi shekara ba ya nemi a mayar da shi Bebeji.

Bai daina rubutu ba. Ya bar shanu ya koma kan motocin masara da ke ɓacewa a hanya, da rigimar gadon gona da ke ƙarewa da gawa a rijiya. Sunaye ma suka ƙaru. Idan na kai masa ziyara na tambaye shi ko wani sabon littafi nasa ne, sai ya ce, "Kai me ka gani?"

Ya rasu wajen ƙarshen shekarun casa'in, bayan gajeriyar jinya. Da matarsa ta fita takaba ta aiko a kira ni. Ta ce tun rasuwarsa maganar ta fasu, masu sayar da littattafai suna jingina masa duk wani labarin ɓarayi, har da na batsa, ga 'ya'yansa suna tasowa. Ta sa an tattaro mata buhu guda, tana so in ware mata nasa. Akwatin kuwa, Malam ya ƙone abin da ke ciki tun kafin ya kwanta.

Kwana huɗu na yi a zauren gidan ina karatu. Na ware waɗanda na tabbatar nasa ne, na ware waɗanda na tabbatar ba nasa ba. Kaso na uku, na waɗanda na kasa tantancewa, ya fi kowanne tudu. Ta leƙo ta ce, "Waɗannan fa?" Na ce mata gaskiya ban sani ba. Sai ta ce a mayar da su buhu a kai ɗakinta.